Ba Hitler ne ya fara juya wa talakawa mahaifa da ƙarfin doka ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu albarka. Dan Allah ka ɗan sam min fili, na san wasiƙar ta yi tsawo, amma abun ne ya tsaya min a rai tun ranar da na ga labarin hukuncin da Kotun Ƙolin Japan ta yanke a 3 ga Yulin 2024, inda tace dokar da gwamnatin ƙasar ta yi amfani da ita tun daga 1948 har 1996 tana yi wa mutane tiyatar hana haihuwa ta saɓa wa tsarin mulki, kuma dole a biya su diyya. Mutum kusan 25,000 aka yi wa, a ciki wajen 16,500 ko yardarsu ba a nema ba, har da yara 'yan shekara 9. Na nuna wa wani abokina labarin, ko gama karantawa bai yi ba yace ai wannan irin aikin Hitler ne, dama su Japan ɗin ba abokansa bane a yaƙin duniya? Nace masa Malam duba shekarar da kyau, 1948 fa, lokacin Hitler ya shekara uku da mutuwa, kuma majalisar da jama'a suka zaɓa ce ta zauna ta yi dokar. Toh wannan maganar ta abokina ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura yawancinmu haka muka ɗauka, an tattara laifin duka an ɗora wa mutum ɗaya, sauran masu hannu a ciki sun sulale abunsu da farin suna.

Asalin abun daga Ingila ne. Wani Bature Francis Galton, ɗan uwan masanin kimiyyar nan Charles Darwin, shi ne a 1883 ya ƙirƙiro kalmar yujeniks, daga Girkanci, ma'anarta haihuwa mai kyau ko iri mai kyau, ni dai a Hausa zan kira ta aƙidar tace iri. Shi Galton ya zauna ne ya bi salsalar manyan alƙalai da 'yan siyasa da masana na ƙasarsu, ya ga ɗan alƙali yana zama alƙali, jikan minista yana zama minista, sai ya yanke cewa lallai ƙwaƙwalwa gadonta ake yi kamar yadda ake gadon tsawo ko launin fata. Mu ma ai muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma mu ɗin dai mu ne muke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, wato mun san ɗa yakan saɓa wa uba. Abun da Galton bai ba shi muhimmanci ba shi ne ɗan alƙalin nan ya ci ya ƙoshi, an kai shi makarantar kuɗi, abokan babansa ne ke ɗaukar aiki, shi kuwa ɗan lebura tun yana ƙarami yana masaƙa. Daga nan tunanin ya tafi kai tsaye wajen kiwo, tunda makiyayi yana zaɓar bijimin da zai bari ya fiɗiye sauran, me zai hana gwamnati ta yi wa mutane haka. Kuma ba 'yan tsiraru ne suka karɓi maganar ba, a 1912 an yi babban taron duniya na masu wannan aƙida a Landan, ɗan Darwin na cikinsa Leonard ne ya shugabanta, sunan Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, na cikin mataimakan shugaban taron. Sai dai abun mamaki ita Ingilar ba ta taɓa yin dokar tilasta tiyatar ba, an kawo ƙuduri majalisa a 1931 ya faɗi. Su suka ɗinka rigar, Amurka ce ta saka.

Jihar Indiyana ce ta fara a 1907, dokar farko irinta a duniya, bayan wani likitan gidan yari mai suna Harry Sharp ya shafe shekaru tun 1899 yana yanke wa fursunoni jijiyar maniyyi. Bari na ɗan fayyace don kar a ruɗe, galibi ba dandaƙa ake yi ba, namiji jijiyar da maniyyi ke bi ake yankewa a ɗaure, mace kuma bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, wanda muke cewa an juya mata mahaifa, mutum zai tashi ya ci gaba da rayuwarsa har ya yi aure, haihuwar ce dai shikenan. Wannan ne ma ya sa abun ya yi musu sauƙin ɓoyewa. Kalifoniya ta biyo a 1909, ita kaɗai ta yi wa mutum wajen 20,000. Kafin a ankara jihohi sama da 30 sun yi dokar, jimillar waɗanda aka yi wa a Amurka ta haura 60,000. A 1910 aka buɗe wani ofishi a Cold Spring Harbor a jihar New York, Charles Davenport da Harry Laughlin ke riƙe da shi, da kuɗin manyan attajirai, matar marigayi Harriman mai kamfanin jirgin ƙasa da kuma cibiyar Carnegie, aikinsu aika ma'aikata gida gida suna zana salsalar iyalai suna sa alama, wannan mashayi, wannan mai farfaɗiya, wannan karuwa, wannan matalauci, eh har talauci ma sun ce a jini yake. Har gasa ake yi a wajen baje kolin amfanin gona, an fara a Kansas a 1920, can ana duba shanu da aladu ana ba da kyauta, nan gefe ana duba iyalai ana ba da lambar yabo ga wanda irinsa ya fi kyau.

Kalmar da suka fi amfani da ita ita ce mai raunin ƙwaƙwalwa, kuma wannan kalma jakar magori ce, babu abun da ba ta ɗauka. Yarinyar da ta yi ciki ba aure, yaron da ya gudu daga makaranta, baƙon da bai iya Turanci ba ya faɗi jarrabawar auna basira, marayan da ba shi da mai tsaya masa, duk a ciki ake zuba su.

Malam Edita ka bar ni na daɗe a kan labarin yarinya ɗaya, domin duk wanda ya fahimci nata ya fahimci sauran. Sunanta Carrie Buck, an haife ta a 1906 a garin Charlottesville na jihar Bajiniya. Mahaifiyarta Emma talaka ce, miji ba ya nan, hukuma ta kai ta gidan da ake tsare masu farfaɗiya da masu raunin ƙwaƙwalwa kusa da Lynchburg. Ita Carrie wasu mutane masu suna Dobbs ne suka ɗauke ta riƙo, ta yi makaranta tana cin jarrabawarta daidai har aji shida, sai suka cire ta don ta riƙa aikin gida. Tana shekara 17 wani ɗan uwan matar gidan ya yi mata fyaɗe ta samu ciki. Toh kaga abun kunya ya shigo gida, kuma mai laifin nasu ne. Maimakon a kama yaro sai suka je gaban hukuma suka ce yarinyar nan doluwa ce ba ta jin magana, a zo a ɗauke ta. Ta haifi 'yarta Vivian a Maris 1924, aka raba ta da jaririyar, su Dobbs ɗin suka riƙe jaririyar, ita kuma aka kai ta gidan da uwarta take.

A wannan shekarar ce Bajiniya ta yi tata dokar, kuma shugaban gidan, Dakta Albert Priddy, yana neman wanda zai gwada dokar a kansa har Kotun Ƙoli don a rufe bakin masu suka gaba ɗaya. Ga uwa a tsare, ga 'ya a tsare, ga jika, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Aka shirya shari'a. Lauyan da aka ba Carrie, Irving Whitehead, tsohon mamba ne a hukumar gudanarwar gidan kuma aminin lauyan ɗaya ɓangaren ne, shi wancan lauyan ne ma ya rubuta dokar, wato an ba kura ajiyar nama. Ko shaida ɗaya bai kira ba. Bai kawo malaman makarantarta ba, bai ambaci fyaɗen ba. Shi Laughlin da ya aiko da shaidarsa ta masana a rubuce yana tabbatar da cewa dolancin nata na gado ne, ko sau ɗaya bai taɓa sa ta a ido ba. Jaririyar kuwa, tana 'yar wata bakwai, wata ma'aikaciyar jin ƙai ce ta kalle ta tace ita dai ta ga kamar ba daidai take ba, ba ta ma iya faɗin mene ne ba. Wallahi irin hujjar da aka kawo kenan a kan jaririyar.

Ranar 2 ga Mayun 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 8 suka amince, 1 ya ƙi, Pierce Butler, ɗan Katolika, shi ma bai rubuta dalilinsa ba. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Oliver Wendell Holmes, wanda har gobe ake lissafa shi cikin manyan alƙalan da ƙasar ta taɓa yi, kuma shi ne ya rufe da maganar nan da ta shahara cewa zuriya uku ta dolaye ta isa haka. A watan Oktoba na shekarar Dakta John Bell, wanda ya gaji Priddy bayan ya mutu, ya yi mata aikin. Tana shekara 21. Zan dawo kanta.

Yanzu mu je Jamus. Shi Laughlin ɗin nan a 1922 ya wallafa wani samfurin doka don jihohi su riƙa kwafa, kuma da 'yan Nazi suka hau mulki suka yi tasu dokar ranar 14 ga Yulin 1933, duk wanda ya ajiye takardun biyu gefe da gefe zai ga kamannin, su kansu Jamusawan ba su ɓoye cewa suna bibiyar abun da ake yi a Kalifoniya ba. A 1936 jami'ar Heidelberg ta ba Laughlin digirin girmamawa. Wani likita a Bajiniya, Joseph DeJarnette, har ƙorafi ya yi a 1934 cewa Jamusawa suna cin su a wasan da su ne suka ƙirƙiro shi. Wani abu kuma da ya ba ni dariyar takaici, shi kansa Laughlin yana da farfaɗiya, cutar da ke cikin jerin da ya rubuta da hannunsa na waɗanda bai kamata su haihu ba, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Bambancin Jamus shi ne sauri da tsari. Sun kafa kotuna na musamman, alƙali ɗaya da likitoci biyu, kuma doka ta wajabta wa likita ya kai rahoton majinyacinsa, mai taɓin hankali, mai farfaɗiya, makaho ko kurman da aka ce na gado ne, mai nakasar jiki, har da mashayin da giya ta ci ƙarfinsa. Mutum wajen 400,000 aka yi wa, dubbai suka mutu a dalilin tiyatar, yawancinsu mata. Akwai wani ɓangare da ya shafe mu mu baƙar fata wanda ba a cika faɗa ba. Bayan yaƙin duniya na farko Faransa ta mamaye yankin Rhineland na Jamus, cikin sojojin da ta girke akwai 'yan Afirka daga ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka irin su Senegal da Maroko, wasunsu suka haihu da matan Jamus. Yaran nan lafiyarsu ƙalau, ko dokar 1933 ɗin ba ta hau kansu ba, don haka a 1937 sai aka kafa wani kwamiti a asirce ƙarƙashin 'yan sandan ciki na Gestapo aka riƙa ɗauko su daga gida da makaranta ana kai su asibiti, waɗanda aka samu a rubuce sun kai 385. Cikin masanan da suka share fagen wannan akwai Eugen Fischer, wanda tun 1908 ya je Namibiya, lokacin tana hannun Jamus, yana auna kawunan 'ya'yan da Turawa suka haifa da matan Afirka.

Daga hana haihuwa zuwa kisa tazarar ba ta da yawa, tunda an riga an yarda cewa rayuwar wani nauyi ce a kan baitulmali. A 1939 suka fara shirin da ake kira T4, suna kashe naƙasassu da masu taɓin hankali da iskar gas a asibitoci, zuwa Agustan 1941 sun kashe wajen 70,000, sai da wani bishop na garin Münster, von Galen, ya hau mumbari ya fasa ƙwai sannan aka ce an dakatar, amma aka ci gaba a ɓoye da yunwa da allura. Ma'aikatan wannan shirin ne aka kwasa daga baya aka kai sansanonin da aka hallaka Yahudawa a Poland. Da aka zo shari'ar 'yan Nazi a garin Nuremberg bayan yaƙi, cikin hujjojin da masu kare waɗanda ake tuhuma suka ɗauko har da hukuncin Holmes a kan Carrie Buck, suna cewa ai ku ma kuna yi.

Wata shari'a da nake so masu karatu su sani ita ce ta Jack Skinner a jihar Oklahoma. Dokar jihar ta 1935 tace duk wanda aka kama da babban laifi sau uku a yi masa tiyatar, shi Skinner laifinsa na farko satar kaji ne, sai fashi sau biyu. Amma dokar ta ware wasu laifuffuka tace ban da su, ciki har da wawure dukiyar da aka ba mutum amana da laifin haraji da laifin siyasa. Kaga wai satar kaza tana bin jini amma sata da biro ba ta bi, dama mai biron ne ya rubuta dokar. Kotun Ƙoli ta rushe ta a 1942 saboda wannan bambancin, amma ba ta taɓa hukuncin Carrie Buck ba.

Toh a nan ne maganar abokina ta fi rushewa. An gama yaƙi a 1945, duniya ta ga gawarwaki, kowa yace tir, kalmar yujeniks ta zama abun kunya har ƙungiyoyi da mujallu suka riƙa canja suna. Amma wuƙar tiyata ba ta tsaya ba. Siwidin, ƙasar da ake buga misali da ita wajen tausayin talaka, ta yi dokarta a 1934 ta faɗaɗa a 1941 kuma ba ta soke ba sai tsakiyar shekarun 1970, an yi wa mutum wajen 63,000, sama da kashi 90 cikin 100 mata. A takarda da yawansu wai da yardarsu aka yi, amma yardar ita ce a ce wa yarinya ba za ki fita daga gidan nan da ake tsare da ke ba sai kin sa hannu, ko a ce wa uwa in ba ki sa hannu ba za mu ƙwace yaran. Mutanen ƙasar da yawa ba su ma san girman abun ba sai a 1997 da wani ɗan jarida Maciej Zaremba ya tono shi a jaridar Dagens Nyheter, kaga amfanin aikinku kenan Malam Edita. Lardin Alberta na Kanada ya yi nasa daga 1928 har 1972, mutum sama da 2,800. Jihar Arewacin Karolina a Amurka ta yi wa wajen 7,600, kuma bayan yaƙin ne ma ta ƙara wuta, zuwa shekarun 1960 yawancin waɗanda ake yi wa mata baƙar fata ne.

A 1973 a Montgomery ta jihar Alabama ma'aikatan wani asibitin tsarin iyali da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi suka je suka ɗauko wasu 'yan mata biyu baƙar fata, ya da ƙanwa, Minnie Lee Relf mai shekara 14 da Mary Alice mai 12, suka miƙa wa uwarsu takarda, matar ba ta iya karatu ba, ta zana alamar X tana zaton allurar tazarar haihuwa ce za a ci gaba da yi musu, kashegari aka juya musu mahaifa su biyun. A kudancin Amurka abun ya zama ruwan dare har mata baƙar fata suka sa masa suna tiyatar afendis ta Mississippi, domin za ki shiga a cire miki wani abu ki fito ba mahaifa, haka aka yi wa 'yar gwagwarmayar nan Fannie Lou Hamer a 1961 da ta je a cire mata ƙari. Wani binciken gwamnati a 1976 ya gano an yi wa matan asalin mazauna Amurka, waɗanda ake ce wa jajayen Indiyawa, tiyata 3,406 cikin 'yan shekaru a yankuna 4 kacal daga cikin 12 na hukumar lafiyarsu, kuma takardun yardar ba su cika ƙa'ida ba.

Daga baya sai waƙar ta canja, aka daina cewa irinsu ba shi da kyau aka koma cewa sun yi yawa. Na san masana za su ce rage yawan jama'a daban tace iri daban, na yarda a littafi haka ne, amma ni abun da nake dubawa shi ne ƙofar wa ake ƙwanƙwasawa. A Indiya lokacin dokar ta ɓaci ta Firaminista Indira Gandhi daga 1975 zuwa 1977, ɗanta Sanjay ne ya riƙe abun, cikin shekara guda aka yi wa mutum wajen miliyan 8, yawanci maza talakawa. An ba jihohi adadin da za su cike, ana riƙe wa malamin makaranta albashi sai ya kawo mutane, a Nuwamban 1976 'yan sanda suka yi wa ƙauyen Uttawar na Musulmi a jihar Haryana ƙawanya da asuba suka kwashe ɗaruruwan maza. Da aka yi zaɓe a 1977 jama'a suka kayar da ita. A Peru kuma zamanin shugaban ƙasa Alberto Fujimori, tsakanin 1996 da 2000, mata wajen 270,000 da maza sama da 20,000, akasari 'yan ƙauyukan kan duwatsu masu jin yaren Kechuwa da ba sa iya karanta takardar Sifaniyancin da ake ba su. Wata mai 'ya'ya bakwai, Mamérita Mestanza, ma'aikatan lafiya suka yi ta zuwa gidanta suna tsorata ta wai akwai dokar da ke hukunta mai 'ya'ya sama da biyar, ƙarya ce babu dokar, ta yarda aka yi mata, bayan 'yan kwanaki ta mutu a 1998. Fujimori ya mutu a Satumban 2024 ba a yanke masa hukunci a kan wannan ba.

Kuma kar wani yace tarihi ne ya wuce. A gidajen yarin mata na Kalifoniya an yi wa kusan 150 tsakanin 2006 da 2010 ba bisa ƙa'ida ba. A Namibiya mata uku masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV sun kai gwamnati ƙara domin an miƙo musu takarda suna tsakiyar naƙuda, Kotun Ƙolin ƙasar a Nuwamban 2014 tace wannan ba yarda ba ce. Kuma gaskiyarta, macen da ke kan gwiwa ko takardar sayar da gidan ubanta ka miƙo mata za ta sa hannu.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ba faɗa nake da likitoci ko tsarin iyali ba. Matar da ta zauna da mijinta da likitanta aka yi mata bayani da yaren da take ji ta ga lafiyarta ba za ta ɗauki wani cikin ba ta zaɓa da kanta, wannan haƙƙinta ne ba ruwan kowa. Abun da ke cikin duk labaran nan da na jero shi ne wani ne daban ya zauna a ofis ya yanke cewa wane bai cancanci ya ga jikansa ba, kuma bai taɓa yanke hakan a kan 'yarsa ko 'yar maigidansa ba, sannan ya nemi sa hannu ko dangwalen yatsa don ya wanke kansa. Kuma waɗanda suka yi ɗin ba 'yan daba ba ne, farfesoshi ne da alƙalai da ma'aikatan jin ƙai, da yawansu har zuciyarsu sun yarda taimako suke yi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro fiye da Hitler, domin shi ko yaro ya san mugu ne. Ilimin nasu ma na bogi ne, tun a lokacin akwai masana ƙwayoyin gado da suka lissafa suka nuna cewa yawancin masu ɗauke da irin waɗannan cututtuka lafiyayyu ne ba a gane su, ko an yi ta yanka ɗaruruwan shekaru ba za a kawar da su ba, balle talauci da rashin tarbiyya da ba su da wata ƙwayar halitta. Cocin Katolika ma ta fito ta yi Allah wadai tun 1930 ta bakin Fafaroma Pius na 11. An ji su, aka ci gaba.

Diyya kuwa ihu ne bayan hari. Siwidin ta sa krona 175,000 a 1999 ga duk wanda ya nema aka ga ya cancanta. Arewacin Karolina ta ware dala miliyan 10 a 2013, Bajiniya ta sa dala 25,000 ga kowane mutum a 2015, lokacin yawancinsu suna kabari. Japan ta fara da yen miliyan 3.2 a 2019, mutanen suka ce raini ne suka ci gaba da shari'a har suka kai ga hukuncin 2024, Firaministan lokacin Kishida ya tara su ya sunkuya ya ba su haƙuri, tsofaffi wasu a keken guragu wasu kurame ana yi musu fassara da hannu. Yarjejeniyar Roma ta 1998 da ta kafa kotun duniya ta sa tilasta hana haihuwa cikin laifukan cin zarafin bil'adama. Amma hukuncin Holmes na 1927 har yau ɗin nan da nake rubutu Kotun Ƙolin Amurka ba ta fito ta soke shi ba.

Na ce zan dawo kan Carrie. Bayan an yi mata aikin an sallame ta, ta yi aure har sau biyu, ta yi aikatau da aikin gona, waɗanda suka ziyarce ta da tsufanta sun same ta tana karanta jarida kullum tana cike wasan kalmomi na bayan jarida, babu wanda ya ga alamar dolanci. Ƙanwarta Doris ita ma an yi mata a wannan gidan tana budurwa aka ce mata afendis aka cire, ta yi aure ita da mijinta suka yi ta neman haihuwa suna zuwa wajen likitoci, sai bayan shekara hamsin da wani abu aka buɗe fayil aka faɗa mata gaskiya. Ita kuma Vivian, jaririyar nan da Kotun Ƙoli ta lissafa a matsayin zuriya ta uku ta dolaye, masu bincike irin su Paul Lombardo sun tono takardun makarantarta, ashe yarinya ce mai ƙoƙari daidai gwargwado, a Afrilun 1931 har sunanta ya shiga jerin ɗaliban da aka yaba wa. Ta mutu a 1932 tana shekara 8, ciwon ciki bayan ƙyanda. Gwamnan Bajiniya Mark Warner ya nemi afuwa a 2002, lokacin Carrie ta shekara 19 da mutuwa, domin ta rasu a 1983 a gidan kula da tsofaffi, aka mayar da ita Charlottesville aka binne ta a maƙabarta ɗaya da Vivian, kusa da kabarinta.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum